TITIN AHMADU BELLO NA KADUNA, JIYA DA YAU: MU SAYAR KO MU ZAUNA?

Jawabin da aka gabatar wa taron fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata na ikkilisiyoyinmu masu sujada da Hausa

  Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba mu wannan zarafi, ko da yake a cikinku akwai iyaye da suka riga mu taka wannan titi da shekaru masu yawa. In mun yi kuskure a wani wuri, sai su gyara mana bayan mun zauna.

GABATARWA

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa taron ikkilisiya da zancen titi? Ga abin da ya haɗa su. Wasu daga cikin ikkilisiyoyinmu da ke tsakiyar garin Kaduna sun soma samun baƙi waɗanda ba sujada ta kawo su ba. Dillalai ne. Sukan zo da murmushi, su zaga harabar majami'a suna auna ta da ido, sa'an nan su ajiye takarda su ce akwai mai kuɗi da yake so ya gina rukunin shaguna a wurin. Kuɗin da suke ambata yakan sa ma'aji ya gyara zama. Ikkilisiyar da muke yi wa hidima ma ta sami irin wannan takarda, kuma tun ranar da aka karanta ta kan majalisar dattawa ya rabu biyu.

Ba za mu iya amsa wa dillalan nan da hikima ba sai mun san inda muka fito. Saboda haka za mu bi titin Ahmadu Bello daga farkonsa, mu ga yadda yake a dā, da abin da ya same shi, da abin da ya rage mana a kansa.

YADDA TITIN YA SAMO ASALI

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Zariya ko Kano ko Katsina. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofi. 'Yan'uwanmu Gbagyi ne suke noma a wannan ƙasa kafin Turawa su zo. Layin dogo ya ratsa ta nan ya kai Kano a 1911, sa'an nan a 1917 aka ɗauke hedkwatar Lardunan Arewa daga Zungeru aka kawo ta Kaduna. Daga baya layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan, shi ma ya zo ya haɗu da na Legas a nan. Gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi.

Wanda ya haye gada daga kudu, ya wuce filin wasa, wannan titi zai bi ya ratsa tsakiyar gari har ya kai wajen Lugard Hall, inda majalisar Jihar Arewa take zama a dā, kuma majalisar dokokin Jihar Kaduna take zama yanzu. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Kawo. Sunan da titin yake ɗauke da shi na Firimiyan Jihar Arewa ne, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda aka kashe a wannan gari ranar 15 ga Janairu, 1966.

Ku dubi sunayen ƙananan titunan da suke wannan yanki: titin Kano, titin Katsina, titin Jos, titin Bida, titin Gwandu, titin Legas, titin Ibadan, titin Abeokuta. Sunayen kaɗai sun isa su gaya mana cewa wurin nan na baƙi ne, kuma kowa baƙo ne a cikinsa. Iyayenmu sun zo ne neman aiki. Wasu soja, wasu ɗan sanda, wasu aikin reluwe, wasu masinja ko kuku ko direba, kaɗan da suka yi makarantar mishan suka zama akawu da malamai da ma'aikatan jinya. Bajju da Atyap da Ham da Adara sun zo daga kudancin lardin Zazzau. Ngas da Berom sun zo daga Filato, Bachama da Kilba daga Adamawa, Bura da Margi daga Borno, Tangale da Zaar daga Bauchi, mutanen Zuru daga yamma, ga kuma Hausawa masu bi daga Wusasa da ƙauyukan Kano da Katsina. Babu wanda yake jin yaren wani. Abin da ya tara su a ɗaki ɗaya ranar Lahadi shi ne Hausa, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga cikakke a 1932. Da haka ikkilisiyoyinmu suka kafu kusa da kasuwa, kusa da masallacin titin Kano, kusa da manyan majami'un Katolika da Anglikan da Baptist. Ba a tsallaken kogi aka soma su ba. A tsakiyar gari aka soma su.

TITIN DA MUKA SANI MUNA YARA

Dattawa a cikinmu suna tuna ranar 2 ga Afrilu, 1972, da aka wayi gari motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, masu kekuna suna ta rikicewa a shataletale. Suna tuna 1973 da fam da sule suka tafi, naira da kwabo suka zo. Mu kuwa da muka tashi bayan wannan, abin da muka fara sani shi ne babbar daba ta bikin FESTAC a 1977, lokacin da dawakai da raƙuma suka cika gari, iyayenmu suka ɗora mu a kafaɗa don mu gani. Mun kuma ga taron da ya cika Dandalin Murtala a Fabrairun 1982 sa'ad da Paparoma John Paul na Biyu ya zo.

A waɗannan shekaru titin Ahmadu Bello shi ne idon gari. A nan kantin Leventis yake, har shataletalen wurin ya ci sunansa. A nan ofishin jaridar New Nigerian yake, wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu, 1966, makonni biyu kafin a kashe Sardauna. Da sassafe za ka ga mutane sun yi cincirindo wajen mai sayar da jarida, wanda ya iya karatu yana karanta wa wanda bai iya ba. Ga dogon benen kamfanin NNDC, ga bankuna, ga teloli da masu gyaran agogo da masu ɗaukar hoto. Idan kana so a rubuta maka wasiƙa zuwa gida, sai ka gangara gidan waya a titin Yakubu Gowon, ka sami mai tafireta a ƙarƙashin itace.

Amma ainihin abin da yake motsa titin yana tsallaken kogi ne, a Kakuri. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu masaƙu irin su Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya soma aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban mutane suke aiki dare da rana. Idan jiniyar canjin aiki ta yi kuka, gada takan cika da kekuna. Ƙarshen wata kuwa dukan wannan albashi titin Ahmadu Bello yake zuwa: a sayi rediyo, a sayi keken ɗinki, a sayi takalmin makaranta. Atamfar da zumuntar mata suke ɗinka anko da ita, a Kakuri aka saƙa ta, sau da yawa ma mazajensu ne suka saƙa.

Abin da ya fi muhimmanci mu tuna shi ne yadda ake zama. A gidan haya ɗaya za ka sami Bahaushe da Bayarabe da Bajju da Banufe, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Da Sallah a kawo mana nama da tuwo, da Kirsimati mu kai shinkafa da cincin. 'Yan birged sukan yi maci a kan titi da ganguna, yaran unguwa duka su bi su a baya, ba mai tambayar addinin wani. Ba mu ce babu saɓani ba. Akwai gori, akwai wariya wajen neman aiki da neman filin gina majami'a, iyayenmu sun sha wannan. Amma mutum ya san maƙwabcinsa da suna, ya san ranar da matarsa ta haihu, ya san ranar da aka yi masa rasuwa.

SAUYI NA FARKO: JINIYA TA YI SHIRU

Yawancinmu idan ana zancen lalacewar zaman Kaduna sai mu fara da rikici. Gaskiya ita ce yunwa ta riga rikici zuwa. Daga 1986, da gwamnati ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar waje mai araha ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Masaƙu suka soma rage ma'aikata. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a 2007.

Mu fastoci mun ga wannan a cikin kwanon baiko kafin mu gan shi a jarida. Mun ga dattawan da suke ba da zakka a kan kari sun koma zama a bencin baya don kunya. Mun binne waɗansu da suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Manyan kantuna suka ja baya, aka yanyanka wurarensu zuwa ƙananan shaguna. Samarin da dā za su gaji iyayensu a masaƙa suka koma acaɓa da zaman kashe wando. Wanda yake neman hayar yara don tada fitina bai sha wahalar samunsu ba, a cikin Musulmi da cikin Kirista duka.

SAUYI NA BIYU: KOGI YA ZAMA IYAKA

An yi 1987, da rikicin Kafanchan ya fantsamo har nan. An yi 1992, da na Zangon Kataf ya iso. Amma ranar da ta canza taswirar garin nan ita ce Litinin, 21 ga Fabrairu, 2000, ranar zanga-zanga a kan batun shari'a. Abin da ya biyo baya a wannan mako, da kuma a watan Mayu, ya ci rayukan sama da mutum dubu. An ƙone majami'u da masallatai, an ƙone gidaje da shaguna, har makarantar tauhidi ta Baptist da ke Kawo ba ta tsira ba. A cikin shekarar kuma gobara ta cinye babbar kasuwa, wadda take ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Gumi. A Nuwamba 2002 aka sake yin wani a kan batun gasar sarauniyar kyau, sama da mutum 200 suka mutu. A Afrilu 2011 aka yi na bayan zaɓe. A 2012 bama-bamai suka shigo, har da wanda ya tashi ranar Ista da wanda aka kai majami'ar St. Rita a watan Oktoba.

'Yan'uwa, tun da a gaban Allah muke magana, dole mu faɗi duka. An kashe namu a arewacin kogi, kuma yaranmu sun kashe na wasu a kudancin kogi. Akwai matafiya da aka tare a hanya waɗanda ba su san abin da ake ciki ba. Jinin nan ma yana kuka, kuma ba mu yi tuba a kansa yadda ya kamata ba.

Bayan kowane rikici sai motocin kwasar kaya su cika gada. Masu bi suka bar Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi da Kawo suka nufi Sabon Tasha, Narayi, Television, Unguwar Romi da Gonin Gora. Musulmi kuma suka bar waɗannan wurare suka haye arewa. Wasu sun yi musanyar gida da gida, wasu sun sayar a wulaƙance. Har aka kai ga ba'ar da ake yi cewa gefe ɗaya Makka ne, ɗayan Urushalima. Ba mu zargi kowa da ya tashi ba. Uban da ya kwana a bariki da 'ya'yansa, ba mai gaya masa inda zai kama haya.

A cikin wannan duhu akwai abin da bai kamata mu manta ba. A makon Fabrairun 2000, wani Alhaji mai sayar da yadi, wanda shagonsa yake jingine da katangar majami'armu, shi ya ɓoye mai gadinmu da iyalinsa a bayan dilolin atamfa har kwana biyu. Da ƙura ta lafa muka je yi masa godiya, sai ya ce, "Haba Malam Fasto, ai mahaifin yaron nan shi ya kai uwar gidana asibiti da tsakar dare. In na bari aka taɓa shi, da wane ido zan dubi Allah?" Mun san akwai irin wannan labari a kowace ikkilisiya da ke nan, haka kuma akwai masu bi da suka ɓoye Musulmi a Kakuri da Nasarawa. A fili kuma, ranar 22 ga Agusta, 2002, shugabannin addini 22, goma sha ɗaya daga kowane gefe, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda dā abokan gaba ne, suna cikin waɗanda suka yi wahalar haɗa wannan.

SAUYI NA UKU: TITI YA YI KYAU, UNGUWA TA WATSE

Wanda ya bar Kaduna shekara 20 ya dawo yau zai yi mamaki. Daga 2019 gwamnatin jiha ta shiga aikin sabunta birane. An faɗaɗa tituna, an rushe gine-gine da dama, an sake gina kasuwanni. Shataletalen Leventis da muka sani ya zama gadar ƙasa, Kawo ta sami sabuwar gadar sama, an buɗe su a Janairun 2022. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin 1977 an rushe shi a 2020. Inda mai gyaran agogo yake zama, yanzu mai gyaran waya ne. Inda mai tafireta yake, yanzu mai POS ne. Tsofaffin gidajen haya masu ɗaki da falo suna ta zama benaye na shaguna.

Da rana titin yana cike maƙil, kuma har yanzu shi ne wuri mafi girma da Kirista da Musulmi suke gogayyar kafaɗa a garin nan. Amma da magariba kowa sai ya rufe shago ya nemi mota zuwa gefensa. Ana ciniki tare, ba a kwana tare. Akwai yaran da aka haifa a Sabon Tasha bayan 2000 waɗanda ba su taɓa cin abincin Sallah a gidan kowa ba, kamar yadda akwai yara a Rigasa da ba su taɓa yin hira da Kirista ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗayan, a waya ya gani.

A majami'armu ranar Lahadi, furfura ta fi yawa. Akwai wata gwauruwa, uwa ce a zumuntar mata, da take shiga mota biyu daga bayan Sabon Tasha kowane mako. Muka ce mata, "Mama, ga majami'a a ƙofar gidanki, me ya sa kike wahalar da kanki?" Ta ce, "Baba Fasto, a nan aka ɗaura mini aure, a nan aka yi wa mijina sujadar jana'iza. Bulon katangar nan da kaina na ɗauko shi. In kun sayar, ku gaya mini inda zan je in same su."

ABIN DA KE GABANMU

Dattawan da suke cewa a sayar ba marasa bangaskiya ba ne, kada kowa ya kira su haka. Hujjarsu tana da nauyi. Jama'a suna kudu. Rufin tsohon gini yana yoyo, baiko ba ya isa gyara. Kuɗin fili ɗaya a tsakiyar gari zai gina majami'a da gidan fasto da makaranta a bayan gari. Ikkilisiya kuma mutane ce, ba bulo ba. Ubangiji da kansa, a Matiyu sura 10, ya ba almajiransa izinin barin garin da aka tsananta musu, kuma a Ayyukan Manzanni sura 8 warwatsuwar masu bi ce ta yaɗa bishara.

Duk da haka, ga abin da muke gani. Filin da aka sayar a tsakiyar gari ba ya dawowa. Dukanmu mun san wahalar samun izinin gina sabuwar majami'a a wasu wurare na Arewa. Abin da iyayenmu suka samu da ƙyar, in muka sake shi, jikokinmu ba za su same shi da kowane irin kuɗi ba. Na biyu, tsakiyar gari bai rasa masu bi ba. Akwai 'yan mata masu aikin gida, masu gadi, ɗalibai, 'yan sanda da sojoji da aka kawo aiki, masu jinya a asibiti, da waɗanda hare-haren ƙauyuka suka koro. Yawancinsu da Hausa suke addu'a, kuma ba su da kuɗin mota zuwa tsallake. Su ne marasa murya, ba sa cikin majalisar dattawa. Na uku, duk majami'ar da ta tashi daga arewacin kogi, kamar duk masallacin da ya tashi daga kudancinsa, ƙarin bulo ne a kan katangar da ta raba mu. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A Irmiya sura 29, annabin ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila, mutanen da suke 'yan tsiraru a birnin da ba nasu ba. Bai ce su ɗaure kaya su zauna a bakin ƙofa ba. Ya umarce su su yi gini, su yi shuka, su yi aure, su kuma roƙa wa birnin alheri, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. A sura 32 kuma, Urushalima tana kewaye da maƙiya, shi kansa yana tsare, ya sayi gona a Anatot, ya kira shaidu, ya sa aka adana takardun a cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. A Ayyukan Manzanni sura 9, Ubangiji ya aiki Hananiya zuwa wani titi a Dimashƙu da ake kira Miƙaƙƙe, wurin mutumin da ya zo garin don ya kama masu bi. Hananiya ya ji tsoro, ya kuma faɗi tsoronsa, amma ya je. Da a ce dukan masu bi sun gudu daga Dimashƙu a wannan mako, wa zai ɗora wa Shawulu hannu? Titin nan yana nan har yau a tsohon birnin, akwai kuma majami'u a gefensa.

SHAWARWARI

1. Kada wata ikkilisiya ta sa hannu a kan takardar dillali sai an kawo maganar gaban dukan membobi, an kuma sanar da majalisar gunduma da amintattun ikkilisiya masu rajista. Fasto da ma'aji da dattawa biyu ba su isa su sayar da abin da zuriya uku suka tara ba.

2. Kowace ikkilisiya ta binciki takardun filinta a cikin wannan shekara. Wasu suna cikin akwatin dattijon da ya rasu, wasu an rubuta su da sunan mutum ɗaya. A je hukumar KADGIS a sabunta su da sunan ikkilisiya, a biya kuɗin ƙasa, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3. Inda kuɗin gyara ya gagara, a duba yiwuwar gina shaguna kaɗan a jikin katanga a ba da haya, fili ya zauna a hannunmu. A nemi lauya mai tsoron Allah ya duba yarjejeniyar, a kuma riƙa karanta lissafin kuɗin hayar a gaban jama'a.

4. Ikkilisiyoyin kudu su tuna cewa 'ya'ya ne. Kowace ta ɗauki Lahadi ɗaya a wata uku ta aiko da mawaƙa ko matasa ko zumuntar mata su yi sujada a uwar ikkilisiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. A buɗe ƙofa a ranakun mako. A yi gajeriyar addu'ar rana don 'yan kasuwa da ma'aikata, a yi ajin yaƙi da jahilci da koyon ɗinki, a bar famfonmu ga duk mai ƙishi ba tare da tambayar sunansa ba.

6. Fasto da dattawa su san limamin masallacin da ke kusa da su, da mai unguwa, da shugaban 'yan kasuwa. A je gaisuwar rasuwa, a je barka da Sallah. Lambar wayar da za ka kira ranar tashin hankali, ranar zaman lafiya ake karɓarta.

7. Matasa su zauna da tsofaffi su ɗauki labarinsu a waya, su rubuta. A tattara littattafan baftisma da na aure da tsofaffin hotuna kafin gara ta gama da su. A rubuta har da labarin maƙwabtan da suka cece mu, domin 'ya'yanmu su san ba wuta kaɗai aka yi a garin nan ba.

8. Idan bayan addu'a da shawara wata ikkilisiya ta ga babu makawa sai ta tashi, ta fara tayin wurin ga wata ikkilisiya 'yar'uwa, ta kuma yi tanadin inda tsofaffi da marasa ƙarfi da suka rage za su yi sujada. Kada mu raina wadda ta tashi, kada mu yi wa wadda ta zauna dariya.

KAMMALAWA

Iyayenmu sun zo titin nan da akwatin ƙarfe ɗaya da Littafi Mai Tsarki. Ba su da rinjaye a lokacin, mu ma ba mu da shi yanzu. Masaƙu sun rufe, kantuna sun canza, shataletale ya tafi, amma amsar da za mu ba dillalai tana hannunmu. Annabi Zakariya, a sura 8, ya ga ranar da tsofaffi za su zauna a titunan birni da sandunansu, yara kuma suna wasa a gabansu. Wasunmu sun ga irin wannan a titin Ahmadu Bello da idonsu. Muna roƙon majalisun dattawanmu su yi azumi da addu'a kafin su amsa kowace takarda, su kuma tambayi gwauraye da masu gadi ra'ayinsu kafin su tambayi ma'aji.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu, ya gafarta mana inda muka yi laifi, ya ba garin Kaduna da ƙasarmu Nijeriya salama. Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya, cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.